Hoto ya yi kyau, amma na waye?

Wani matashi daga unguwar Mamobi a Akra ya aiko mini da hotuna ashirin da tambaya ɗaya, ga ta a taƙaice: "Baba, shekarata biyu ina ɗaukar hoton aure da suna. Na sayi kyamara mai kyau, na kalli darussa a YouTube har na gaji, masu biki kuma suna biyana ba tare da ƙorafi ba. Amma in na jera hotunana da na abokaina, ni kaina ba na iya ware nawa. Yaya mutum yake samun hannunsa, har a ga hoto a ce wannan aikin wane ne? Ko sai na canza kyamara?"

Ɗana, bari in fara da kyamarar, don ita ce mai saurin sallama. Kada ka canza ta. Prince Gyasi, yaron nan na Akra da aka ba aikin shahararriyar kalandar hotuna ta kamfanin taya na Pirelli ta 2024, da wayar iPhone ya ɗauki hotunan da suka fara fitar da sunansa. Wadda ke rataye a wuyanka yanzu ta fi duk abin da iyayen gidanmu suka taɓa riƙewa, nesa ba kusa ba. In kuɗin suna maka ƙaiƙayi a aljihu, sayi batir na biyu da wurin adana hotuna, ragowar ka kashe su wajen wanke hoto a takarda. Zan zo kan dalilin.

Ni zamanin fim na shiga sana'ar, a hannun wani dattijo ɗan ƙabilar Ga. Wata shida na farko ban taɓa kyamara ba sai dai in goge ta. Aikina shara, ɗaukar jaka, haɗa ruwan wanki a ɗakin duhu, da shanya hotuna a igiya. Mutumin nan yana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi a lokacin. Muna cikin trotro, motar haya, za mu wajen aiki, sai ya zungure ni da gwiwar hannu, ya nuna wata mata da haɓa: "Haske daga ina yake zuwa mata?" In ce daga taga. Ya ce wace tagar? To me ya hana ƙasan haɓarta yin duhu? Sai na sake dubawa in ga ashe farin ƙunshin kaya ne a cinyarta yake mayar mata da haske sama. Haka kullum, a kasuwa, a tasha, a layin sayen waakye. Har yau in na shiga ɗaki, kafin in gama sallama idona ya riga ya nemo taga. YouTube zai koya maka abin da kowane madanni yake yi cikin mako guda. Wannan kallon kuwa sai a titi, kullum, ko da babu kyamara a hannunka.

Ranar da ya fara sakar mini aiki ni kaɗai, ranar Sallah ce. Wani Alhaji a unguwarmu ya tara 'ya'yansa maza a ƙofar gida bayan an sauko daga Idi, kowa cikin farar shadda da hula, rana ta ɗaga sosai. Na jera su, na bi abin da ma'aunin hasken kyamara ya ce, na danna. Da aka wanke, shadda ta fito ras, har zaren aikin wuya kana iya ƙirgawa, fuskoki kuwa baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai haƙora. Maigidana ya ajiye hoton a tebur, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tela ne ya aike ka?" Da ƙafata na koma na ba Alhaji haƙuri, kuma ka san Sallah ba ta dawowa sai baɗi.

Ga abin da ya faru, domin har yau ina ganinsa a hotunan yara. Ma'aunin da ke cikin kyamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in aka cakuɗa, ruwan toka ne matsakaici. In farin kaya ya cika hoto sai ya ga haske ya yi yawa, ya rage, fatar mutum baƙi ta nutse. Mu kuma a zango rabin aikinmu ke nan, baƙar fata cikin farin kaya: Sallah, suna, Maulidi, tarbar alhazai. Ka auna haske a kan fuska, ko ka ƙara mataki ɗaya a kan abin da kyamara ta ce. Mafi alheri ka janye mutanen daga rana zuwa bakin inuwa, inda jikinsu ke cikin inuwa amma fuskarsu na kallon fili. A cikin rana, riga na shan haske, fuska na ƙarƙashin inuwar hula, kyamara ba za ta iya riƙe duka biyun ba. A bakin inuwa haske ɗaya ne a kansu. Ka lura da rumfar biki ma. In ja ce ko shuɗiya, launinta zai sauka a fuskar amarya, kuma sai ka kwana kana gyara a kwamfuta bai fita ba. Roƙonta ta matso bakin rumfar taku uku ya fi wannan sauƙi.

Wani abin da darussan waje ba za su faɗa maka ba shi ne ranarmu ba irin tasu ba ce. Akra tana kusan digiri 5 da rabi ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka duk shekara rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen ƙarfe shida, kuma tana hawa tsaye ne, ba ta karkace ba. Baturen da ke koyar da kai hasken yamma yana magana ne a ƙasar da, a lokacin zafinsu, rana ke daɗewa tana jan ƙafa kafin ta faɗi. A nan, daga la'asar sakaliya ba ka da cikakkiyar awa ɗaya ta haske mai taushi, kuma ana kiran magariba duhu ya rufe. In kana son hoton ango da amarya a waje, tun da safe za ka yi yarjejeniya da ƙawayen amarya a kan lokacin, in ba haka ba kwalliya za ta cinye shi. A hunturu kuwa, Disamba zuwa Janairu, hazo yana tausasa rana har da tsakar rana kana iya ɗaukar fuska, sai dai launuka suna kodewa, ƙura kuma na shiga cikin kyamara in ka canza gilashi a waje.

Wannan duk sanin aiki ne, kuma daga hotunanka na ga ka kama yawancinsa. Yanzu ga ainihin abin da ka tambaya.

Na duba ashirin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukansu ka buɗe ƙofar gilashi har ƙarshe, f/1.8, amarya ta fito tar, bayanta ya narke ya zama kunu. Sannan ka ɗora musu kalar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da kowa ke saukewa daga intanet. To ɗana, ta ina za ka gane naka? Ka goge Mamobi daga bayan amarya, ka shafa mata fentin wani mutum da bai taɓa tsayawa a ranar Akra ba. Hoton zai iya zama na Kano, na Dubai ko na Landan. Abokanka ma gilashin nan suka saya, kalar nan suka sauke. Zanen aro ba ya rufe katara.

Narkar da baya dabara ce ta gaske, ni ma ina yi in wuri ya ƙi. Amma ga mai koyo maɓoya ce, tana ɗauke maka wahalar tsara hoto. Rufe gilashin zuwa f/5.6 ko f/8 har wata uku ka gani. Komai zai fito: igiyar shanya, tukunyar shinkafa, gwaggon da ke leƙe ta taga, turken lantarkin da ya tsiro daga kan ango. Dole ka matsa hagu, ka durƙusa, ka jira yaron can ya fita daga hoton ko ka jira ya shigo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi ne, kuma mutum biyu ba sa zaɓe iri ɗaya. Da gilashi ɗaya za ka yi wannan, ba mai zuƙowa ba. In kyamararka mai ƙaramin faifan ɗaukar haske ce, mai milimita 35 zai ba ka kusan abin da mai 50 ke bayarwa a babba. Bayan wata biyu za ka ga tun kafin ka ɗaga kyamara ka san inda gefen hoton zai tsaya, ƙafarka ta riga ta kai ka wurin. Ranar da ba ta biki ba kuma, ka ƙayyade wa kanka dannawa 36, adadin da fim ɗaya yake ba mu a da. Wanda ya san 36 kawai gare shi yana kallo kafin ya danna. Mai katin da ke cin hoto dubu biyu sai ya danna tukuna, ya je gida yana neman sa'a a ciki.

Akwai hoto ɗaya a cikin ashirin ɗinka, na goma sha huɗu, da alama don cike lissafi ka saka shi. Amarya na zaune a tabarma ƙafafunta cikin leda saboda lalle, ƙanwarta ta yi barci a kafaɗarta, a can baya wata tsohuwa na ƙirga kwanuka, fanka ta ɗaga gefen labule. Haske bai ma zauna daidai ba. Amma a nan kaɗai na ga mutumin da ya san gidan biki daga ciki, wanda ya san akwai awa ɗaya da amarya ke gajiya ta manta da kyamara. Sauran sha taran kowa zai iya ɗauka. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Ka ce ka gaji da YouTube. To hau mota ka je Jamestown. Shagon Deo Gratias da J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe a 1922 yana nan har yau a hannun zuriyarsa. A unguwar ne James Barnor, wanda aka haifa a 1929, ya buɗe shagonsa Ever Young a farkon shekarun 1950, bayan ya yi koyo a hannun ɗan'uwansa J.P. Dodoo. Shi ne mai hoto na farko da jaridar Daily Graphic ta ɗauka aiki, ya yi wa mujallar Drum aiki, ya tafi Ingila a 1959 ya ƙaro ilimi, bayan kamar shekara goma ya dawo ya kafa wurin wanke hoto mai kala na farko a Gana. Duniya ba ta waiwaye shi sosai ba sai da ya tsufa, baje kolin da aka yi masa a Serpentine a Landan a 2021 yana da shekara 92 ne. Duba hotunansa na situdiyo ka ga yadda mutanensa suke a sake, kamar an katse su ne a tsakiyar hira. Wannan ba daga kyamara ya zo ba, daga yadda yake mu'amala da mutane ne. A Jamestown ɗin ne kuma Felicia Abban ta yi shagonta, macen farko da ta riƙe sana'ar nan a ƙasar, wadda ta koya a wurin mahaifinta, ta rasu a Janairun 2024. Ita kan ɗauki kanta hoto in ta ci ado za ta fita taro, don tallar shagonta, kuma waɗannan hotunan ne aka kai rumfar Gana a baje kolin Venice a 2019. Philip Kwame Apagya a Shama ya sa aka zana masa labulen baya mai talabijin da firji cike da kaya da filin jirgin sama, talaka ya tsaya a gaba kamar nasa ne. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shago a 1948, yana ɗauka a tsakar gida da hasken rana, labulen bayansa na farko zanen gadonsa ne, kuma yawanci dannawa ɗaya yake yi wa mutum don fim na da tsada. Malick Sidibé yawon gidajen rawa yake yi da dare, ya wanke hotuna, matasa su zo su zaɓa su biya. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta Venice.

Abin da nake so ka lura da shi a kansu: dukansu 'yan kasuwa ne kamarka. Babu wanda ya bar aikin kuɗi ya tafi daji neman salo. A cikin hoton fasfo da na biki da na tunawa idonsu ya nuna, domin sun daɗe a wuri ɗaya da mutane iri ɗaya, suna warware matsala iri ɗaya har hanyar warwarewar ta zama tasu. Zanen gadon Keïta rashin kuɗi ne ya kawo shi, yau shi ne tambarinsa. Saboda haka kada ka raina bikin da ke ciyar da kai. Ba mai biki abin da ya biya, hoton iyaye, na ƙawaye, na yankan kek, tsaf ba tare da wayo ba. In ka gama, ɗauki guda goma don kanka.

In za ka kalli aikin waɗannan mutane, kalle shi a littafi ko a bango, ba a waya ba. Cibiyar Dikan da Paul Ninson ya buɗe a nan Akra a Disambar 2022 tana da dubban littattafan hoto. Ka ɗauki hoto ɗaya ka zauna da shi minti goma kana yi masa tambayar maigidana: haske daga ina? Mai hoton a ina ya tsaya, a tsaye ko a durƙushe? Me ya bari a waje? Kwaikwaya ma halal ce ga mai koyo. Je ka gwada yin irin na Keïta da zanen mahaifiyarka a tsakar gida. Ba zai fito kamar nasa ba, kuma inda ya kauce ɗin nan ne ya kamata ka zuba wa ido.

Sai babban abin, wanda in ka watsar da duk abin da na faɗa ka riƙe shi kaɗai, ya isa. Zaɓi abu ɗaya a unguwarku ka yi ta koma masa. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan dubu, yawancinsu daga ƙeya, baya fili, babu wani ado. Kitso fa, abin da kowa ke wucewa ta gabansa kullum. Kai kuma kana zaune a kan arziki. Baƙi suna zuwa Nima da Mamobi da manyan kyamarori, su yi awa biyu, su ɗauki babbar kwata da yara marasa takalmi, su tafi. Ba na cewa ƙarya suka ɗauka, kwatar tana nan. Amma iyakar abin da awa biyu ke nunawa ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda rana ke shigowa. Kai kana jin Hausa, an san ubanka, kana iya zama a majalisar masu shan shayin ataya har su manta da kai. Ga mahauta da asuba, ga masu surfani kwana uku kafin Sallah idonsu ya yi ja, ga 'yan makaranta da allunansu, ga masu kiwon dokin da ake hawa ranar Sallah, ga layin masu alwala ranar Juma'a a babban masallacin Kanda. Ɗauki ɗaya. Ɗaya na ce, ba biyar ba.

Nawa wata mai koko ce a bakin wani lungu a Nima. Watan farko duk hoton da na yi mata ba shi da amfani, da ta gan ni sai ta gyara ɗankwali ta ƙame kamar soja. Na ci gaba da zuwa, ina sayen koko da ƙosai, wani lokaci ko kyamarar ba na fitarwa. A hankali na gano cewa jim kaɗan bayan fitowar rana, haske yana ratsowa tsakanin gidaje biyu ya bugi tururin tukunyarta ta baya, na kamar minti goma, sai ya wuce. A minti goman nan tururi yakan zama kamar farin mayafi, hannunta da ludayi su fito a cikinsa, yara masu kayan makaranta na miƙa kofi. Shekara uku ina zuwa, kuma hotunan da zan iya nuna wa mutum ba su wuce bakwai ba. Duk wanda ya yi kyau sai na wanke na kai mata. Yanzu 'yarta ce a kan tukunyar, ɗaya daga cikin hotunan na manne a jikin akwatin ƙosai, mai ya ɓata gefensa.

Yanzu ga dalilin da na ce ka kashe kuɗi a wanki. Mutum ba ya zaunawa ya yanke shawara cewa salona zai zama kaza. Waɗanda suka yi haka su ne suke ƙarewa da kalar aro. Tsintarsa ake yi a cikin abin da ka riga ka ɗauka, kuma a waya ba za ka tsince shi ba, domin waya hoto ɗaya take nuna maka a lokaci guda. Koma cikin aikinka na shekara biyun nan, ka fitar da guda ɗari, ba waɗanda masu biki suka fi so ba, waɗanda kai kake tsayawa a kansu ba ka san dalili ba. Wanke su ƙanana, ka shimfiɗa tabarma ka baza su. Cire duk wanda abokinka zai iya ɗauka. Cire wanda kake so don kawai ka sha wahala kafin ka same shi, mai kallo bai ga guminka ba. Bar ragowar a ƙasa kwana biyu kana wucewa ta kansu.

Lokacin da na fara yin haka ni ban ga komai ba. Maiɗakina ce ta zo wucewa da tsintsiya, ta tsaya, ta ce, "Kai dai ba ka ɗaukar mutum sai yana jiran wani abu." Na duba, wallahi haka ne. Ango na jiran a ɗaura, yaro na jiran koko, tsoho na jiran a tayar da salla, mata na jiran motar kai amarya. Shekara fiye da goma ina ɗaukar masu jira ban sani ba. Daga ranar na fara nemansu da gangan, kuma daga nan ne mutane suka fara cewa sun gane hotona. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai wani lokaci idon wani ake buƙata. Nemi mutum ɗaya ko biyu da ba sa jin nauyinka su duba maka. Yawan masu danna so a Instagram ba ma'auni ba ne, kyawun amarya da tsadar leshi suke yabawa.

Magana biyu kan mutunci, don a zango sana'ar nan a kan amana take tafiya. An bar ka ka shiga ɗakin mata ne saboda an san gidanku. Hoton amarya babu mayafi na mijinta ne da danginta, ba na shafinka ba, sai in ita da kanta ta yarda, kuma ka tambaya kafin ka ɗora, ba bayan ka ɗora ba. Akwai dattawa da malamai da ba sa son hoto sam. Wanda ya ɗaga maka hannu, sauke kyamara ka gaishe shi, ka wuce. Hoto ɗaya da ka sata zai iya rufe maka ƙofar lungu gaba ɗaya, aikin shekara uku ya tsaya.

Ta biyun ita ce fata. Za a ce maka, "A ɗan ƙara mini haske." Ni ina cire ƙurji da gumi, ina gyara inda hoda ta taru, amma ba na mayar da baƙa fara. Shekaru da yawa katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wanki don daidaita kala hoton Baturiya ne a jikinsa, manyanmu sun sha fama kafin su fitar da fatarmu yadda take. Abin kunya ne yanzu da kayan aiki suka iya, mu da hannunmu mu goge ta. In ka haska baƙar fata daidai, daga gefe, da haske mai faɗi, tana da sheƙin da yawancin amare in sun gani ba sa sake neman ƙari. Wadda ta nace, kuɗinta ne, amma kada ka sa shi cikin hotunan da kake nuna aikinka da su.

Ka adana aikinka. Barnor bai zama abin da ya zama a tsufansa ba sai don dodon hotunansa, wato fina-finan da ake wanke hoto daga jikinsu, sun tsira. Nawa na shekarun farko suna cikin kwalaye a ƙasan shago daren 3 ga Yunin 2015, daren ambaliya da gobarar shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle. Ruwa ya shiga, suka manne da juna kamar ƙuli-ƙuli, na zubar da mafi yawansu. Wasu sun rasa rai a daren, saboda haka ba na kuka, amma aikin ba ya dawowa. Kowane hoto ya zauna a wuri biyu, ɗaya ba a ɗaki ɗaya da ɗayan ba. Rubuta kwanan wata da unguwa da sunan biki a jikin kowace jaka, don bayan shekara ashirin ba za ka tuna ba. Gilasanka kuma kada ka bar su a rufe cikin jaka da damina, laimar Akra tana sa musu fumfuna a ciki. Samu roba mai murfi ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi.

In ka yi aikin tabarmar nan, rage su zuwa talatin, kada ka ɗora musu kalar kowa, ka kawo mini su shago ranar Juma'a bayan an sauko. Sa na goma sha huɗun a sama, ka kuma duba katin ranar ka zo da waɗanda ka ɗauka kafinsa da bayansa, ina so in ga inda ka tsaya da kuma abin da ya sa ka bar wurin da wuri.